Kuɗin jami'a na 'yan jiha ga 'ya'yan baƙin haure a Amurka: hurumin jiha ne ko na tarayya?

Tambaya: Na ji ana cewa a Amurka akwai jihohin da yaro marar takardar izinin zama yake biyan kuɗin jami'a ƙasa da abin da haifaffen ɗan ƙasa daga wata jihar yake biya. Da gaske ne? In da gaske ne, ta yaya jiha za ta yi haka alhali sha'anin shige da fice na gwamnatin tarayya ne? Wa ke da gaskiya a rigimar?

Malam, abin da ka ji gaskiya ne, sai dai daga tsakiya aka ɗauko maka labarin. Kafin a kai ga wa ke da gaskiya, sai an san yadda ake sa kuɗin makaranta a can.

In ka cire makarantun horar da hafsoshin soja da 'yan ƙalilan irinsu, gwamnatin tarayyar Amurka ba ta da jami'o'i. Jami'ar gwamnati ta jiha ce. Jiha ta kafa ta, majalisar jiha ke ware mata kuɗi, jiha ke tsara wa zai biya nawa. Kusan kowace jiha tana da farashi biyu, na ɗan gida da na baƙo. A Jami'ar Teksas da ke Austin, ɗan jiha yana biyan kimanin dala dubu 11 zuwa 12 a shekara, wanda ya zo daga waje kuwa abin da zai biya ya haura dala dubu 40, alhali aji ɗaya za su zauna, digiri ɗaya za su karɓa. Hujjar ita ce iyayen ɗan jiha sun daɗe suna biyan harajin da ake riƙe jami'ar da shi.

Wanda ya yi karatu a jami'ar jiha a Najeriya ya san wannan bambanci na ɗan asalin jiha da wanda ba ɗan asali ba. Amma akwai inda tsarin biyu suka rabu, kuma nan ne tushen rigimar. A wajenmu asali ake dubawa: takardar shaidar ƙaramar hukuma, garin ubanka da kakanka, ko da a wata jihar aka haife ka, a can ka girma. A Amurka zama ake dubawa. Mutumin Ohio da ya tattara nasa ya nasa ya koma Teksas, ya kama haya, ya yi aiki shekara guda, galibi ya zama ɗan jiha a idon jami'a. Tun asali babban abin da jami'a take tambaya wajen sa farashi shi ne ko a jihar mutum yake zaune, ba inda asalinsa yake ba.

Su kuma yaran da ake magana a kansu, yawancinsu ba su suka zaɓi zuwa ba. An shigo da su a goye ko riƙe da hannu, wasu ta iyakar Meziko, wasu ta filin jirgi da bizar ziyara wadda ta ƙare iyayen ba su koma ba. A wannan kashi na biyu akwai 'ya'yan mutanen Afirka ta Yamma a birane irin su Houston da New York, don haka ba maganar mutanen Latin Amurka kaɗai ba ce. Tun 1982 doka ta tabbatar musu da firamare da sakandare kyauta. A shekarar ne Kotun Ƙoli, a shari'ar Plyler da Doe, ta soke wata dokar Teksas ta 1975 da ta hana kashe kuɗin jiha a kan karatun irin waɗannan yara, har hukumar makarantun garin Tyler ta ɗora wa kowannensu dala 1,000 a shekara. Alƙalai 5 suka rinjayi 4. Mai shari'a William Brennan, wanda ya rubuta hukuncin, ya dogara da gyara na 14 na kundin tsarin mulki, ya nuna cewa ba daidai ba ne a ɗora wa yaro laifin da iyayensa suka yi. Amma hukuncin a ƙarshen sakandare ya tsaya, bai ce uffan game da jami'a ba. Sai yaro ya gama aji na 12, wataƙila ma shi ne gwarzon ajinsu, sannan ya tarar ba shi da rabo a tallafin karatu na tarayya, ba shi da rabo a bashin ɗalibai na tarayya, jami'ar garinsu kuma cikin baƙi take lissafa shi. Ƙiyasi ya nuna irin waɗannan ɗalibai a manyan makarantun Amurka sun kai dubu 400 zuwa 500, kimanin kashi 2 cikin ɗari na duka ɗalibai.

Yanzu ga maganar hurumi. Kundin tsarin mulkin Amurka bai sa ilimi cikin ayyukan tarayya ba, kuma gyara na 10 ya ce duk ikon da ba a miƙa wa tarayya ba, yana hannun jihohi ko jama'a. Abin da ake kira 'yancin jihohi ke nan. A ɗaya ɓangaren, wa zai shigo ƙasa, wa zai zauna, wa za a kora, wannan na tarayya ne. Kotun Ƙoli ta sake jaddada haka a 2012 da ta rushe sassa uku na wata tsattsaurar dokar Arizona a kan baƙin haure. Sashe na 6 na kundin kuma ya ce in dokar tarayya da ta jiha suka yi karo a fagen da tarayya ke da iko, ta tarayya ce a sama. To ga yaro ɗaya, izinin zamansa yana hannun Washington, kujerarsa ta aji tana hannun jiha.

A 1996, zamanin Bill Clinton, majalisar tarayya ta sa baki da dokoki biyu. Ta farko, dokar gyaran tsarin tallafa wa jama'a, ta ce marar takarda ba zai ci moriyar tallafin jiha ba, sai in jihar ta yi sabuwar doka bayan 22 ga Agusta 1996 wadda ta fito fili ta ba shi. Ka lura, ƙofa aka bari a buɗe da sharaɗi, ba a rufe ta ba. Ta biyu, sashe na 505 na dokar shige da fice ta wannan shekarar, shi ne ake ta kai ruwa rana a kansa har yau. Ma'anar abin da ya ce ita ce: wanda ba bisa doka yake ƙasar ba, ba zai cancanci wata moriyar karatun gaba da sakandare bisa dalilin zamansa a jiha ba, sai in kowane ɗan ƙasa zai sami irin wannan moriyar ba tare da an duba ko mazaunin jihar ne ba.

A kan "bisa dalilin zama" gizo ke saƙa. Majalisa ba ta ce kada a ba su farashin ɗan jiha ko ta halin ƙaƙa ba. Cewa ta yi kada zama ya zama dalilin bayarwar. Lauyoyin jihohi suka ce to, za mu nemi wani dalilin.

Teksas ce ta fara a watan Yunin 2001. Rick Noriega, ɗan majalisa daga Houston, ya kawo ƙudurin, kusan duk majalisar ta amince, Gwamna Rick Perry na jam'iyyar Republican ya sa hannu. Sharaɗin shi ne yaro ya zauna a Teksas shekara 3 kafin ya gama sakandare a can, ya kuma sa hannu a takardar rantsuwa cewa zai nemi izinin zama na dindindin da zarar dama ta samu. Sai dai dokar Teksas ta kira su mazauna jiha ƙarara, kuma wannan kalmar ta zamar mata rauni daga baya. Kalifoniya, wadda ta biyo baya a watan Oktoba na shekarar, ta fi taka-tsantsan. Dokarta mai lamba AB 540 ba ta tambayi inda kake zaune ba. Ta ce duk wanda ya yi shekara 3 a sakandaren Kalifoniya, ya kammala a can, an ɗauke masa ƙarin kuɗin baƙi, ko ɗan ƙasa ne ko ba ɗan ƙasa ba.

Masu adawa suka garzaya kotu, lauya Kris Kobach na kan gaba. A Kansas, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta kori ƙararsu a 2007, domin ɗaliban da suka kawo ƙarar ba su iya nuna cutar da aka yi musu ba: ko an soke dokar, kuɗin baƙi za su ci gaba da biya. A Kalifoniya aka fafata a kan ainihin maganar. Hujjarsu ita ce shekara 3 a makarantar jiha ba komai ba ne illa zama da aka sake wa suna, tunda kusan duk wanda ya yi shekara 3 a makarantar gari, a garin yake kwana. Wannan hujja ba ta banza ba ce, kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ma ta karɓe ta a 2008. Amma a watan Nuwamba 2010 Kotun Ƙolin Kalifoniya, a shari'ar Martinez, ta yi watsi da ita baki ɗaya, ba alƙali ko ɗaya da ya saɓa. Ta nuna cewa akwai 'yan ƙasa da ke cin moriyar dokar alhali ba mazauna jihar ba ne: wanda iyayensa na wata jihar suka kawo shi makarantar kwana, wanda ke tsallako iyaka daga jihar maƙwabta ya zo makaranta, wanda ya gama sakandare ya yi ƙaura sannan ya dawo neman digiri. Akwai kuma marasa takarda da ke zaune a jihar amma ba su cika sharaɗin ba. Tunda haka ne, ma'aunin ba zama ba ne. Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi sauraron ɗaukaka ƙarar a 2011.

Ni a fahimtata hukuncin Martinez daidai ne. Alƙali da abin da aka rubuta yake aiki, ba da abin da wasu suka so a ce an rubuta ba. Da majalisar tarayya haramci gaba ɗaya take so, jimla guda ta isa, kuma ta san yadda ake rubuta ta. A maimakon haka ta sa sharaɗi, a shekarar ma ta yi wata dokar da ta bar wa jihohi zaɓi.

Daga nan jihohi fiye da 20 suka bi sahu, kuma kada a ce maka na jam'iyya ɗaya ne. Utah, Oklahoma, Kansas da Nebraska duk jihohin masu ra'ayin mazan jiya ne, kuma suna cikin na farko-farko. A Fulorida, Gwamna Rick Scott na Republican ne ya sa hannu a 2014. Perry ya kare dokarsa a muhawarar neman takarar shugaban ƙasa a 2011, ya nuna cewa mai ƙin ilimantar da waɗannan yara ba shi da tausayi, maganar ta jawo masa baƙin jini a jam'iyyarsa. Wasu jihohin kuma suka yi amfani da ikon nan ta ɗaya fuskar. Masu zaɓe a Arizona sun haramta a 2006, suka dawo suka halatta da ƙaramin rinjaye a 2022. Jojiya ta hana su shiga manyan jami'o'inta da ake rububi. South Carolina a 2008 da Alabama a 2011 sun rufe musu ƙofar manyan makarantun gwamnati. Wanda ya yarda Kalifoniya tana da ikon buɗewa, dole ya yarda Fulorida tana da ikon janyewa, kamar yadda ta yi a Fabrairun 2025 da sa hannun Gwamna Ron DeSantis. Ban ji daɗin matakin Fulorida ba, amma majalisar jihar ce ta zauna ta kaɗa ƙuri'a, kuma jama'a na iya tuhumar wakilansu a zaɓe.

Abin da ya faru a Teksas daban ne, kuma shi ya fi damuna. A ƙarshen Afrilun 2025 Shugaba Donald Trump ya ba da umarnin a tunkari irin waɗannan dokoki na jihohi. A lokacin majalisar Teksas, wadda 'yan Republican ke da rinjaye, tana da ƙudurin soke dokar 2001 a gabanta. Ta tashi daga zama ranar 2 ga Yuni ba ta zartar da shi ba. Ranar 4 ga Yuni Ma'aikatar Shari'a ta tarayya ta kai ƙarar Teksas. Antoni janar na jihar, Ken Paxton, wanda aikinsa kare dokokin jihar ne, ya goyi bayan mai ƙara nan take, Mai shari'a Reed O'Connor kuma ya dakatar da dokar a ranar, cikin 'yan sa'o'i. Dokar da ta shekara 24 tana aiki ta faɗi ba tare da an ji ta bakin ɗalibi ko ɗaya ba. Da ɗalibai da ƙungiyoyi suka nemi a bari su shiga shari'ar su kare ta, alƙalin bai amince ba. Ina iya yarda cewa dokar Teksas, saboda yadda aka rubuta ta, ta fi ta Kalifoniya sauƙin kayarwa, kotun ɗaukaka ƙara ta yankin ma ta nuna alamar haka a 2023 a wata shari'a da ta shafi Jami'ar Arewacin Teksas. Amma ana kayar da doka ne bayan an saurari ɓangarori biyu masu jayayya da gaske. In mai ƙara da wanda ake ƙara bakinsu ɗaya, an yi amfani da kotu ne an zagaye majalisar jiha. Duk mai kishin 'yancin jihohi, ko yana son dokar ko ba ya so, ya kamata wannan ya tsaya masa a rai. Bayan Teksas an kai ƙarar Kentucky, Minnesota, Oklahoma, Illinois da wasu. Oklahoma ta bi hanyar Teksas ta sallama, wasu kuma suka tsaya kare dokokinsu.

Akwai wata tambaya mai zurfi da Kotun Ƙolin Amurka ba ta taɓa warwarewa kai tsaye ba: shin tarayya tana da ikon gaya wa jiha farashin da za ta sa a jami'arta da kuɗinta? A shari'ar Printz ta 1997 da ta Murphy ta 2018, kotun ta ce tarayya ba za ta mai da jami'an jiha 'yan aikenta ba, ba kuma za ta umarci majalisar jiha ta yi ko ta bar wata doka ba. Masu kare jihohi na cewa sashe na 505 irin wannan umarnin ne. Ɗaya ɓangaren na cewa a'a, sashen yana magana ne a kan abin da baƙo ya cancanta, wannan kuwa ikon shige da fice ne. Suna ma da abin dogaro: a 1982, a shari'ar Toll da Moreno, ikon tarayya ne ya hana Jami'ar Maryland ƙin ba wa 'ya'yan ma'aikatan ƙungiyoyin duniya masu biza farashin ɗan jiha. Ikon da ya taɓa kare baƙi daga jiha, shi ne yau ake ɗagawa a hana jiha sassauta musu. Shi ya sa nake ganin jihar da ke son dokarta ta ɗore, gara ta jingina da yadda aka rubuta sashe na 505 da ta jingina da gyara na 10 kaɗai.

Sai maganar adalci, wadda na san ita ce ta sa ka yi tambayar. Me zai sa ɗan Oklahoma haifaffe ya biya dala dubu 40 a Austin, marar takarda ya biya dubu 12, kamar yadda ake yi kafin Yunin 2025? Ɗan Oklahoma yana da jiharsa, farashin ɗan gida na jiransa a can. Yaron da aka kawo Houston yana ɗan shekara 3 ba shi da wata jihar, in Teksas ta ce shi baƙo ne, to baƙo ne a jihohi 50. Kuma da aka soke dokar, ko sisi ba a rage wa ɗan Oklahoma ba, kamar yadda kotu ta hango tun a shari'ar Kansas. Batun haraji ma ba ya gefen masu adawa yadda ake zato. Teksas ba ta karɓar harajin albashi na jiha, da harajin saye da sayarwa da na gidaje take tafiya, marar takarda kuwa yana biyan na farko a kanti, na biyu yana biyansa cikin kuɗin haya. Cibiyar nazarin haraji ta ITEP ta ƙiyasta cewa a 2022 marasa takarda sun biya harajin dala biliyan 96.7 a faɗin ƙasar, biliyan 37.3 daga ciki ga jihohi da ƙananan hukumomi. Ka haɗa da cewa jihar ta riga ta kashe kuɗin shekara 12 ko 13 a kan karatun yaron bisa tilascin doka. Kuma ba kyauta ake ba shi ba, biya yake yi, daidai da abokin ajinsa.

Ba zan ɓoye maka raunin da ke ɓangarena ba. A jami'o'in da ake rububi kujeru ƙidayayyu ne, wanda ya samu, wani ya rasa. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne digiri ba ya ba da izinin aiki. Shirin DACA da Barack Obama ya kafa a 2012 ya ba wasu izinin aiki na wucin gadi, amma sai wanda yake ƙasar tun 15 ga Yunin 2007, kuma kotu ta tsayar da amincewa da sababbin masu nema tun 2021. Masu gama sakandare yanzu kusan duk ba sa ciki. Jiha na iya yaye ma'aikaciyar jinya ko injiniya, amma ba ta da ikon ba su takardar da za a ɗauke su aiki da ita. Wannan majalisar tarayya ce kaɗai za ta gyara. Ƙudurin DREAM, wanda sanatoci Orrin Hatch da Dick Durbin suka gabatar a 2001, an tsara shi ne ya ba yaran hanyar samun izinin zama, ya kuma soke sashe na 505. A Disambar 2010 ya sami ƙuri'a 55 a majalisar dattawa, 60 ake buƙata. Har yau bai zama doka ba, jihohi kuma suka ci gaba da fama da matsalar da ba su suka haifar ba.

In kuma kana tambaya ne saboda kai ko ɗanka za ku tafi karatu da bizar ɗalibi, waɗannan dokoki ba su shafe ku ba. Dokar Kalifoniya ma ta fito fili ta cire masu irin wannan bizar, domin mai ita ya shaida wa ofishin jakadanci cewa gidansa na ƙasarsa kuma zai koma. Kada wani ya ruɗe ka cewa barin biza ta mutu hanya ce ta samun sauƙi. Sharaɗin shekarun sakandare a jihar ba za ka cika shi ba, kuma dokar shige da fice ta 1996 ɗin nan ta tanadi cewa wanda ya wuce kwana 180 ba bisa doka ba, in ya fita sai ya shekara 3 kafin a bar shi ya dawo, wanda ya kai shekara guda kuwa sai ya shekara 10. Akwai halastattun hanyoyi. A Teksas, ɗalibin waje da ya ci gasar tallafin karatu na aƙalla dala 1,000 daga jami'arsa ana iya mai da shi kan farashin ɗan jiha, haka ma masu digiri na biyu da na uku da ke taimakon malami a koyarwa ko bincike. Ka rubuta wa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'ar da kake nema, ka tambaye su ƙa'idar da ke aiki a shekarar da za ka shiga.